Jinin Gingimari

A cikin firiza Gingimari ya zo gidanmu. Mijina gyaran firji yake yi, a nan tsakar gida. Wata rana wani mutum ya kawo tsohuwar firiza a bayan mota, murfinta a ɓalle, a ciki kuma ga ɗan kwikwiyo kwance a kan tsumma. Ya ce a riƙe masa duka biyun zuwa jibi. Firizar tana nan har yau a jikin katanga, gawayi nake zubawa a ciki. Kwikwiyon kuwa ya kama girma ba ji ba gani.

Kafin ya shekara, in ya tsaya bayansa na taɓa ƙuguna. Kai irin na maraƙi, ƙirji kamar ganga, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a karye, ga wata siririyar jela kamar aro ya yi wajen wani karen. Yaranmu ne suka sa masa suna kafin su tafi makarantar kwana, saboda in ya taho da gudu ba shi da birki. Ranar farko da na kai shi asibitin dabbobi na tambayi Likita ko wane iri ne. Ta zagaya shi, ta ɗaga kunnen da ya karye, ta duba haƙora, sannan ta ce, "Taron dangi ne. Kowa ya kawo gudummawarsa."

A bakin mutane karen mijina ne. In masu kawo gyara suka tsaya a bakin ƙofa suna tsoron shigowa, shi ne ke dafa kan karen yana cewa, "Ku shigo, na hore shi." Amma ni ce nake zama da safe in bi tsakanin yatsunsa da bayan kunnensa ina cire kaska. Ni nake yi masa wanka, in ƙare na fi shi jiƙewa. Ni na san lokacin allurar haukan kare, ni kuma nake tura ƙwayar maganin tsutsa a cikin burodi, ya cinye burodin tas, ya ajiye mini ƙwayar a ƙasa, ya kalle ni. Ina sayar da ƙanƙara daga firizojin da masu su suka manta da su, shi kuma wurin kwanciyarsa kenan, kan simintin da ke jikinsu mai sanyi. Lafiyarsa ƙalau. A gidan nan kaf shi kaɗai ne ba ya ciwon komai. Mijina kuwa ɗaukar firji ta riga ta cinye masa baya, in zai tashi daga zaune sai ya yi shawara da katanga.

Mijina yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu Yaya muke ce masa, a wurin aikinsa kuma Darakta. Shi yana kiran mijina Auta, har yanzu da furfura ta fara fito masa. Ba faɗa suke yi ba, da ma faɗan ne da an sasanta. Kawai dai Yaya mutum ne mai yawan uzuri. Zuwansa na ƙarshe gidanmu, lokacin Gingimari yana tashen ƙuruciya, ya zauna da fararen kaya a kujerar da na goge masa sau biyu. Karen ya zo ya ɗora masa kai a cinya, ya bar masa tafkin yawu. Yaya ya miƙe yana kakkaɓe wando da yatsa biyu.

"Auta, in za ka ajiye kare, ka ajiye kare. Wannan mene ne? Wa ya san ubansa?"

"Gadi yake mana, Yaya."

"Komai sai da asali. Ka zo ka ga tawa."

Tasa karyar sunanta Gimbiya, doguwa, fara, mai gashi kamar labule. Takarda gare ta, mai hatimi, da sunayen kakanninta jere. Ni da na auri ƙaninsa ban taɓa jin ya ambaci sunan kakansu na biyu ba, amma na karyar yana kawo su a ka. Daga ranar bai sake taka gidanmu ba. Shekaru suka wuce muna gaisawa ta bakin direbansa.

Wata safiya ina ƙulla ruwa a leda sai ga wayar Likita.

"Maman Gingimari, kina gida?"

Na daɗe da daina hana ta kirana haka. Na ce ina nan.

"Taimako nake nema. An kawo mini wata karya, ciwon kaska ya cinye mata jini, in ba a ƙara mata yau ba ba na jin za ta kai gobe. Ina neman babban kare mai lafiya, wanda ya yi allurarsa duka, kuma ba ya cizo. Duk cikin waɗanda nake gani naki ne kawai ya cika."

"Kare ma ana ƙara masa jini?"

"Ana yi. Ba zai cutar da shi ba, sai dai ya yi kwana biyu yana son jiki."

"Ai da ma sana'arsa kenan," na ce.

Mijina ya ajiye abin da yake kwancewa, ya wanke hannu, muka tura karen a bayan motar ɗaukar firji. A ɗakin jira na asibitin akwai dogon benci guda da fanka mai ƙara. A kan bencin, ga mutum zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗago, sai ga Yaya.

"Auta? Wa ya faɗa muku?"

Kafin mijina ya buɗe baki Likita ta leƙo. "Yauwa, ga mai ba da jinin ya iso."

Yaya ya dubi ƙaninsa daga sama har ƙasa. "Kai?"

"A'a, Yaya. Shi."

Gingimari ya riga ya gane shi. Ya nufe shi yana kaɗa jelar aron nan tasa, Yaya ya janye ƙafafu ƙarƙashin benci. Ya tashi ya ja Likita gefe, ya yi ƙasa da murya, amma ɗakin ƙarami ne, fankar ma ta ji.

"Likita, babu wani? Ina nufin mai takarda."

"Akwai su. Ɗaya zuciyarsa ba ta da kyau, ɗaya bai kai nauyi ba, ɗayan kuma mai shi ya ce jinin karensa ba na rabo ba ne."

"To in aka sa mata wannan, 'ya'yan da za ta haifa fa? Ba za su fito da, kin gane, kunne haka ba?"

"Jini ba ya canza 'ya'ya, ranka ya daɗe. Amma in ba a sa mata ba, babu 'ya'yan ma gaba ɗaya."

Ya leƙa ta ƙofa inda Gimbiya take kwance a kan tebur, gashin nan duk ya kwanta, dasashinta fari fat kamar takardar tata. A gaskiya na tausaya mata, na ɗan tausaya masa. Ya ce a yi, amma don Allah maganar ta tsaya a nan.

Aka kwantar da Gingimari a gefensa, aka aske masa ɗan wuri a wuya. Ni na riƙe kansa ina sosa masa bayan kunne. Allurar ta shiga bai ko motsa ba. Kafin ledar jinin ta cika ya fara minshari. Da aka gama Likita ta ba shi gwangwanin nama, ya lashe har da murfin. Ta ce mana zai yiwu Gimbiya ta sake buƙata nan gaba, in jikinta bai fara yin nata ba, amma sai shi ya huta wata guda ko fiye kafin a sake taɓa shi. A ba shi abinci mai kyau, a kula da shi. Na ga Yaya ya kasa kunne sosai a wannan wurin.

Washegari da sassafe wayar mijina ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙe tsaye ba tare da taimakon katanga ba.

"Yaya! Ina kwana?"

Wayar a buɗe take, ina ji. "Lafiya. Ya jikin nasa?"

Mijina bai ji ƙarshen ba, ko kuma kunnensa ya ji abin da yake so. "Da sauƙi, Yaya, na gode. Bayan ne dai, in na sunkuya sai in ji kamar an soka mini..."

"Karen, Auta. Ya ci abinci?"

"Oh. Ya ci."

"Ya yi kashi?"

Mijina ya dube ni. Na gyaɗa kai. "Ya yi."

"Wane iri?"

Haka aka fara. Kullum safiya sai wayar ta zo, da tambayoyinta uku. Mijina, wanda bai taɓa sanin inda karen yake zagayawa ba, ya koma yana bin sa bayan firizoji da tsinke don ya samu abin faɗa. Kwana kaɗan sai ga direba da buhunan abincin kare, masu hoton wani kare yana murmushi. Sai hanta, sai kiret ɗin ƙwai, sai wani man kifi a kwalba wanda in aka buɗe shi maƙwabta ke rufe taga. Ranar da na soya wa mijina ƙwai biyu daga ciki, ya ci yana waige.

Daga nan Yaya ya fara zuwa da kansa. Mutumin da bai san hanyar gidanmu ba lokacin da aka kwantar da ƙaninsa a asibiti, yanzu ba a yin kwana uku bai zo ba. Ya daina sa fararen kaya. Zai zauna a kan wata matacciyar firji da aka kwantar, ya sa a ɗaga masa leɓen karen ya ga launin dasashi, kamar yadda ya ga Likita na yi. Mijina kuwa duk ranar da ake sa ran zuwansa sai ya yi wanka da rana tsaka ya canza riga.

"Kin gani?" yake ce mini. "Zumunci ai ba ya mutuwa."

Na ce, "Haka ne. Sai dai na wannan karon ƙafa huɗu gare shi."

Har katifa Yaya ya aiko, mai kauri, irin wadda aka ce tana gyara ƙashin baya, don manyan karnuka suna samun ciwon gaɓoɓi in suna kwana a siminti. Gingimari ya shinshina ta, ya koma kan simintinsa. Ta kwana biyu a rumfa babu mai amfani da ita. A rana ta uku mijina ya ce bari ya ɗan gwada. Ya kwanta, ya yi wata ajiyar zuciya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya yi barci har da juyi. A haka Yaya ya shigo ya same shi.

"Auta! Tashi mana, za ka lotsa masa ita."

Ya tashi. Har haƙuri ya ba da.

A ranar ne Yaya ya zagaya tsakar gidan hannu a baya, yana nuna abubuwa da baki. Ga waya a ƙasa, ga ƙusa, ga tukunyar gas, ga tsatsa. Ya ce wannan ba wurin da za a ajiye mai ba da jini ba ne. A ba shi shi ya tafi da shi gidansa, akwai ciyawa, akwai fili, har zuwa lokacin da za a sake ɗiba. Na ce a nan ya girma, kuma ƙusar nan ba ta taɓa hana shi zama mafi lafiya a unguwa ba. Yaya bai kalle ni ba, ƙaninsa yake kallo. Mijina ya bi ni har kicin.

"Maman yara, Yaya ne fa. Yaushe rabon da ya roƙe ni wani abu?"

"Ba kai ya roƙa ba, karen ya roƙa."

"To ai ta hannuna ya biyo."

Aka sa Gingimari a bayan babbar mota mai sanyi. Ko waiwayowa bai yi ba, maci amana, ya fitar da kai ta taga yana kama iska da baki.

Gidan ya yi wani iri. Ina dafa shinkafa sai in ga ta yi saura, in rasa dalili. Masu sayen ƙanƙara suka koma shigowa har tsakiyar gida ba sallama. Wayar safe ma ta tsaya, tunda mai tambayar yanzu yana ganin amsarsa da idonsa. Mijina ya ci gaba da ajiye wayar kusa da kofin shayinsa, yana juya ta.

Bai cika mako biyu a can ba. Wata rana da tsakar rana wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ban taɓa sanin Yaya yana da lambata ba.

"Ƙanwata, cikinsa ya kumbura." Ko gaisuwa bai yi ba. "Yana ta yunƙurin amai, ba abin da ke fitowa sai yawu. Ya kasa zama ya kasa kwanciya."

"Ku kai shi asibiti!"

"Muna hanya. Ku taho."

Muka bar firiza a buɗe muka fita. Da muka isa an riga an ɗora shi a tebur. Cikin ya yi tim, Likita ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ya yi ƙara kamar ganga. Idonsa ya juyo ya same ni, jelar ta ɗan motsa sau ɗaya. Likita ta ce tumbinsa ne ya cika da iska ya murɗe, kamar yadda ake murɗe bakin leda, ba abin da ke shiga ba abin da ke fita. Sai tiyata, kuma yanzu. Ta tura mu waje ta rufe ƙofa.

Muka zauna mu uku a kan bencin nan. Rigar Yaya duk ta jiƙe da yawu, gashin kare ya manne masa har a gemu. Direban ya ce mini Yaya da kansa ya ɗauki rabin karen, mai ban ruwan fulawa ya ɗauki rabi. Na bar shi ya ɗan huta, sannan na tambayi Yaya me ya ba karen.

"Abincinsa ne. Na ga yana cinyewa da wuri, sai na sa a cika masa babban kwanon."

"Sannan?"

"Ya sha ruwa. Sai na jefa masa ƙwallo."

"A kan cikakken ciki?"

Ya dubi tafin hannunsa. "Yana kawowa ne. Duk inda na jefa sai ya kawo mini. Gimbiya in na jefa mata ƙwallo, kallona take yi kamar na zage ta." Ya ƙara da cewa, "A bakin ƙofar ɗakina yake kwana. In na dawo aiki tun daga get yake jin motata."

Na ajiye maganata, ina jera ta a ciki, ina jiran Likita ta fito ta ba ni shaida. Fanka na ta ƙara. Bencin katako ne, bayan mijina ya fara damunsa, yana ta gyara zama, ya karkata nan ya karkata can.

"Auta, ka daina motsi," in ji Yaya. "Kana girgiza benci."

Rana ta yi sanyi kafin ƙofar ta buɗe. Likita ta fito tana cire safar hannu. Ta ce an warware tumbin, bai kai ga lalacewa ba, ta kuma ɗinke shi a jikin bangon ciki don kada ya sake juyawa. Zai tashi, in Allah ya yarda. Mijina ya rufe fuska da hannu. Yaya ya nemi aljihu ya rasa hankici, ya share ido da rigar mai yawu.

Ni kuwa na gyara murya. "Likita, don Allah ki faɗa mana a gaban kowa. Me ya jawo wannan?"

"Ƙirjinsa," ta ce. "Manyan karnuka masu zurfin ƙirji haka suke, tumbin na da wurin lilo. Ci da yawa a lokaci guda da guje-guje a kai yana iya tunzura shi, gaskiya ne. Amma na ga wanda ya same shi yana kwance bai yi komai ba. A gidanki ma zai iya faruwa."

"Amma dai babban kwanon..."

"Abin da na sani shi ne, yawanci sai an tsaya ana ba su jiƙe-jiƙe, a kawo mini su lokaci ya ƙure. Wannan an kawo shi da gudu. Wanda ya ɗauko shi, shi ya cece shi."

Jawabin da na kwashe yini ina shiryawa, mai gabatarwa da misalai, haka na haɗiye shi.

Likita ta juya ga Yaya. "Af, da ma yau nake shirin kiranka. Gwajin Gimbiya ya fito, jininta ya dawo, tana yin nata. Ba ta buƙatar ƙari. Wannan kuma ko da tana buƙata ba zan sake ɗibar nasa ba. Ya yi ritaya."

Na ce a raina, shi ke nan, an tashi kasuwa. Buhu ya ƙare, hanta ta ƙare, sai mu koma gaisawa ta bakin direba.

Muka dawo da Gingimari gida da ɗinki tun daga ƙirji har mara, da wani abu kamar ƙaton mazurari na roba a wuya don kada ya lashi ciwon. Bai san faɗinsa ya ƙaru ba. Duk firjin da ke gidan sai da ya yi karo da shi, ya tsaya yana kallonsa kamar shi ne ya tare masa hanya. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, mai laushi, a hana shi ruwa da yawa a lokaci guda, a hana shi tsalle. Ina wanke ɗinkin safe da yamma, ina duba ko ya yi ja. Ƙwayoyin magani kala uku, kowace sai na buɗe bakin nan kamar ƙofar gareji na tura hannu har wuyan hannu. A kan katifar yake kwana yanzu, tunda Likita ta hana siminti, mijina yana wucewa yana kallonta ta gefen ido.

Kwana biyu da sallamar mu, da yamma, sai na ji tsayuwar mota. Yaya ne, hannu rabbana, ba buhu ba kwalba. Ya ce wucewa yake yi. Gidanmu a ƙarshen layi yake, bayanmu katangar makaranta ce, ba a wucewa ta nan zuwa ko'ina. Karen ya taso da mazurarinsa ya kwaɗa masa a gwiwa, Yaya ya zauna a kan firjinsa ya sa hannu cikin robar yana sosa masa kai. Ya kai magariba. Shi da ƙaninsa suka yi ta hira, kuma duk a kan karen, ko ɗinkin ya bushe, ko yana jin zafi, ko kare yana mafarki. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin sun yi magana mai tsawon haka ba.

Ranar cire zare shi ya kai mu. Likita ta gama, ta ce ciwo ya yi kyau, yanzu a fara fita da shi yawo kullum da yamma, a hankali, da igiya, ba gudu. Har mun kai ƙofa sai Yaya ya tsaya, ya nuna mijina da babban yatsa.

"Likita, wannan ma bayansa na ciwo. Ba abin da za ki ba shi?"

Likita ta dubi mijina, ta danne dariya. "Ni masu ƙafa huɗu nake gani, ranka ya daɗe. Ku kai shi wajen nasu likitan."

"To," in ji Yaya. "Na dai tambaya."

Mijina ya yi mako guda yana maimaita mini. "Kin ji ko? Ashe ya lura. Yaya ba ya magana ne kawai, amma yana lura." Zuwa wajen nasu likitan kuwa har yau ana sa rana.

Saura yawon yamma. Mijina ya gwada sau ɗaya, karen ya ga kyanwa ya ɗan ja, aka dawo da mijina a dafe. Ni kuma yamma ce lokacin cinikina, masu sayar da lemo da ruwa duk a lokacin suke layi. Yaya ya ce tunda da ma yana wucewa, bari ya riƙa yi. Ranar farko ya dawo da wandon ofis duk taɓo. Daga nan in ya zo sai direba ya ajiye shi a bakin titi, ya shigo ya cire kayansa ya rataye a ƙofar firji, ya sa tsohuwar rigar aikin mijina mai tabon mai, da wani wando da ya tsaya masa a ƙwauri, da silifas ɗina na wanki. Ya naɗe igiya a hannu, ya soka leda a aljihu, don Likita ta ce a ci gaba da duba abin da karen ke fitarwa. Su fita, Gingimari a gaba, Darakta a baya. Inda karen ya tsaya nan yake tsayawa, ko da bakin kwata ne, ya jira har a gama shinshine-shinshine.

Akwai wata mata da ta buɗe kanti a kan kwanar layinmu ba da daɗewa ba, tana sayen ƙanƙara a wurina. Wata yamma tana tsaye ina zuba mata a bokiti, suka fito za su wuce. Yaya ya ce mata sannu, ya kauce mata da karen. Ta bi su da kallo har suka sha kwana.

"Maman yara, ina kika samo dattijon nan mai fita da karenku?"

"Me kika gani?"

"Hankalinsa. Jiya na gan shi ya durƙusa yana cire masa ƙaya a ƙafa, yana ba shi haƙuri. Irinsu sun yi wuya yanzu. Ƙanwata na neman mai kula mata da awaki, ko yana da sauran lokaci da safe?"

Na ɗaure bakin leda, na miƙa mata bokitinta.

"Da safe yana ɗan wani aiki," na ce. "Amma zan tambaye shi."